Naira Ɗari Biyu: Abin da ke Jikin Takardar Sardauna

Daga Ɗambatta zuwa Kunchi, daga Bichi zuwa Minjibir, da wuya rana ta fito ta faɗi takardar naira ɗari biyu ba ta bi ta hannun mutum ba. Ita ake miƙa wa mai shayi, ita uwar gida ke ƙullewa a bakin zane idan yarinya ta dawo daga tallan ƙuli-ƙuli, ita ake zubawa a adashi, ita ake ba yaro ya kai wa malam kuɗin Laraba. Dattawan kasuwa har gobe jaka suke ce mata, domin fam ɗari da ake kira jaka a da ita ce ta koma naira ɗari biyu. Sabo ya sa ba ma kallonta, launi kawai muke dubawa mu cusa a aljihu. Alhali cikin takardun kuɗin Najeriya guda takwas babu wadda ta shafi manomin ƙasar Kano kamarta. Gumin kakanninsa aka zana a bayanta, kuma da irin rubutun da ya koya a makarantar allo aka faɗi darajarta a gabanta.

Kafin zuwan Turawa wuri ne kuɗin kasuwannin Kano, ana ƙirga shi tsibi-tsibi, mai yawa kuma sai jaki ya ɗauka. Turawa suka kawo anini da kwabo da taro da sisi da sule, suka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912, wadda ke buga kuɗi iri ɗaya ga Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Babban Bankin Najeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 1959, ya fitar da fam da sule na ƙasar nan. Naira ta zo ranar 1 ga Janairu 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon: sule goma naira ɗaya, fam ɗaya naira biyu, babbar takarda kuwa naira goma. Naira ashirin mai hoton Janar Murtala Muhammed, ɗan Kano, ta fito a Fabrairu 1977, shekara guda bayan kashe shi, kuma ita ce takarda ta farko da ta ɗauki fuskar wani jagora ɗan Najeriya. Hamsin ta biyo baya a 1991.

Daga nan tsadar kaya ta tsere wa takardun. Kusan duk shekarun 1990 hamsin ce mafi girma, don haka mai sayen hatsi da yawa a Dawanau sai ya ciko jaka da kuɗi, a zauna a kan tabarma ana ƙirga kamar ba za a gama ba. Da gwamnatin farar hula ta dawo ƙarƙashin Olusegun Obasanjo, Babban Banki ya jero manyan takardu: ɗari a Disamba 1999, ɗari biyu a Nuwamba 2000, ɗari biyar a Afrilu 2001, dubu ɗaya a Oktoba 2005. Ke nan akwai 'yan watanni da ɗari biyu ta yi tana sarautar kuɗin Najeriya. A shekarar da ta fito, dalar Amurka tana wajen naira ɗari da 'yan kai, litar fetur naira 22, mafi ƙarancin albashin ma'aikacin jiha naira 5,500. Takarda ɗaya takan cika wa mai babur tankinsa har da saura. Yau ko rabin lita ba ta saye, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 takardun ɗari biyu 350 ne. Zanen bai canza ba, abin da yake sayowa ne ya zaizaye.

A gaban takardar akwai Alhaji Sir Ahmadu Bello da rawaninsa. An haife shi a Rabah ta ƙasar Sakkwato, jinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar, ya yi hakimci, aka naɗa shi Sardauna a 1938, sannan ya zama Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 har daren 15 ga Janairu 1966 da sojoji suka kashe shi a gidansa na Kaduna. A zamaninsa aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, da Bankin Arewa, da jaridar New Nigerian. Gaskiya ce kuma cewa ba duk ƙasar Kano ce ta bi shi ba. Nan ne gidan jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, kuma a ƙauyukanmu akwai gidajen da kakanninsu suka sha ɗauri a hannun En'e saboda ita. Saɓanin da ya shiga tsakanin gwamnatinsa da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya ya kai ga murabus ɗin Sarki a 1963. Jikan wannan Sarki, Sanusi Lamido Sanusi, shi ya riƙe Babban Banki daga 2009 zuwa 2014, kuma sa hannunsa na kan takardun ɗari biyu da aka buga a waɗannan shekaru. Kowace takarda tana ɗauke da sa hannu biyu, na gwamnan banki da na daraktan da ke kula da harkar takardun kuɗi, tare da shekarar bugu. Wanda ya duba da kyau zai iya tarar da sa hannun gwamnan banki Joseph Sanusi, wanda a hannunsa ta fara fitowa, ko na Charles Soludo, ko Godwin Emefiele, ko Olayemi Cardoso.

Bayan takardar shi ne namu. Akwai shanu, akwai kayan gona da 'ya'yan itace, akwai kuma buhuna da aka jera suka yi tsini sama. Duk wanda ya girma a Kano ya san dalar gyaɗa ce, ko da bai taɓa ganin ta gaske ba.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya fara ɗaukar kaya sosai a 1912. Turawa auduga suka sa wa rai, don ciyar da masaƙun Ingila. Manomanmu suka yi nasu lissafin. Audugar da suke nomawa masaƙan Kano na saye da daraja fiye da tayin Bature. Gyaɗa kuwa tana son jigawa irin ta arewacin Kano, ana shuka ta tsakanin gero da dawa ba tare da an tauye abincin gida ba, tana gyara ƙasa, harawarta tana riƙe tumaki da jaki har rani, idan kasuwa ta faɗi kuma sai a matse mai a soya ƙuli-ƙuli. Ga haraji da ake nema a biya da tsabar kuɗi. A wannan yanki da gona ke manne da gona, ba a barin fili ya huta sai dai a ciyar da shi da taki, irin wannan amfanin gona shi ne daidai. Fatake da suka saba da hanyar Gwanja wajen goro suka juya ga gyaɗa, fitaccensu Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955. Yaransu suka bazu ƙauyuka da sikeli, jakuna da raƙuma suna ɗauko buhuna zuwa birni.

Abin da ba a cika faɗi ba shi ne dalilin tara dalar. Layin dogo ɗaya ne ya nufi Legas, tafiyar fiye da kilomita dubu, kuma taragunsa ba sa iya kwashe gyaɗar kaka ɗaya a kan lokaci. Sai a jera buhunan a fili ta yadda ruwa ba zai kwanta ba, a lulluɓe da tamfol, su jira jirgi, wani lokaci har wata kakar ta riske su. An ƙiyasta babbar dala kan ci buhu wajen 15,000, kuma 'yan dako ne ke hawa da su a ka, buhu bayan buhu. Dalar alamar albarka ce, alamar ƙarancin sufuri ce kuma. Haka nan ba duk kuɗinta ke komawa ga wanda ya yi noma ba. Daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa ce ke yanke farashi a farkon kaka, a 1954 aikin ya koma hannun hukumar cinikin amfanin gona ta Jihar Arewa. Takan saya ƙasa da farashin kasuwar duniya ta riƙe rarar, kuma da irin wannan rara aka yi ayyuka da dama na gwamnatin Arewa. A ganina wannan ne ya haɗa gaban takardar da bayanta: ayyukan da ake tunawa da Sardauna da su, akwai kason manomin Makoɗa da Tsanyawa a ciki, ko da ba a rubuta sunansa a jikin ginin ba.

A shekarun 1960 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa waje, kuma kuɗin ƙasa ya riƙa nuna haka. Kwandalar sule biyu ta 1959 tana da hoton tsiron gyaɗa. Takardar naira ɗaya ta 1973 tana nuna ma'aikata suna jera buhuna, kwabo 25 na wannan shekara kuma yana da dala. Sai fari ya afko tsakanin 1972 da 1974, cutar kuturtar gyaɗa wadda ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta cinye gonaki a 1975, hankalin gwamnati ya koma kan man fetur, aka rushe hukumomin ciniki a 1986 zamanin Janar Babangida. Lokacin da aka zana ɗari biyu, an fi shekara ashirin rabon Kano da ganin irin waɗancan daloli. Noman gyaɗa dai bai mutu ba. Najeriya na cikin manyan masu noma ta a duniya har yanzu, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar da irin SAMNUT masu jure cutar, sai dai yanzu a gida ake cinye ta, a injinan matsar mai da tukwanen matan ƙauye.

Mu koma gaban takardar. Ban da Turanci, akwai rubutu da baƙaƙen Larabci, kuma an daɗe ana cece-kuce a kansa. Ba aya ba ce, ba addu'a ba ce, ba ma Larabci ba ne. Hausa ce da ajami, abin da ta ce kawai shi ne naira ɗari biyu. Balarabe zai iya haɗa baƙaƙen amma ba zai san me aka ce ba. Tun kuɗin zamanin Turawa ake sa irin wannan rubutu, saboda sun tarar da jama'ar da ke karatu da rubutu da shi shekaru aru-aru, tana aika wasiƙu, tana rubuta bashi da gado da shi. A Fabrairu 2007, zamanin Soludo, aka sake fasalin naira biyar, goma, ashirin da hamsin, aka cire ajami, aka sa darajar kuɗin da Hausa da Yarabanci da Ibo cikin boko. A 2014 aka yi haka ga naira ɗari ta bikin cika shekara ɗari da haɗe Kudu da Arewa. Saura ɗari biyu, ɗari biyar da dubu. A 2020 wani lauya a Legas, Malcolm Omirhobo, ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya yana neman a cire, a cewarsa rubutun ya saɓa wa matsayin Najeriya na ƙasar da ba ta da addinin gwamnati. Babban Banki ya amsa cewa ajami ba alamar addini ba ne, hanyar sanar da masu karanta shi darajar kuɗi ce, kuma a 2024 kotun ta yi watsi da ƙarar.

Sa Yarabanci da Ibo a jikin kuɗi abu ne mai kyau, ya ma makara. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne a ce sai an cire wani kafin a sa wani. Takardar kuɗin Indiya tana ɗauke da harsuna goma sha bakwai, da rubutu iri-iri, ba ta kuma yi cunkoso ba. A ƙauyukan da ke tsakanin Gezawa da Bagwai akwai maza da mata da yawa da suka sauke Alƙur'ani amma ba su zauna ajin boko ba. Wanda aka rubuta wa "Naira hamsin" da boko, aka ce an yi masa da harshensa, alhali baƙaƙen da ya sani aka ɗauke, ba a ƙare shi da komai ba. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda sefarsu Faransanci kaɗai take ɗauke da shi, su ma suna karɓar naira a kasuwannin kan iyaka, kuma a jikinta suke ganin Hausa.

Ita takardar kanta ba irin ta littafi ba ce. Da zaren auduga ake yin ta, shi ya sa take da kauri da ƙara in an kaɗa ta, take kuma jure jiƙa fiye da takardar rubutu. Tsawonta milimita 151, faɗinta 78, daidai da ɗari biyar da dubu. Ƙananan kuɗi, daga biyar zuwa hamsin, su ne na leda. Kamfanin buga kuɗi na ƙasa, wanda aka kafa a 1963 tare da kamfanin De La Rue na Ingila, yana da ma'aikatu a Legas da Abuja. Mai son gane ta jabu ba ya buƙatar na'ura. Ya shafa hoton Sardauna da manyan rubuce-rubucen da yatsa, zai ji sun ɗan taso, ta jabu kuwa sumul take. Ya ɗaga ta ga haske, zai ga hoto a ɓoye cikin farin gefen, a cikin jikin takardar yake, ba a kanta aka buga ba. Zai kuma ga siririn zare ya ratsa ta daga sama zuwa ƙasa. Idan an ba shi damin kuɗi, ya duba lambobin jikinsu, don babu takardu biyu na gaske masu lamba ɗaya. Masu jabu sun fi son yamma, lokacin da kasuwa ke tashi, haske ya ragu, kowa na sauri, kuma a tsakiyar dami suke cusa ta.

Ranar 26 ga Oktoba 2022 Emefiele ya sanar da cewa za a sake fasalin ɗari biyu, ɗari biyar da dubu. Hujjarsa ita ce cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna, kuma canjin zai rage jabu, ya karya masu garkuwa da mutane, ya kuma rage tsada. Zaɓe na tafe ranar 25 ga Fabrairu 2023, don haka maganar hana sayen ƙuri'a ta shiga ciki. Shugaba Buhari ya ƙaddamar da sababbin ranar 23 ga Nuwamba, suka fara yawo ranar 15 ga Disamba. Da aka gan su, zanen na nan yadda yake, Sardauna da dala da shanu da ajami, launi ne ya sauya: ɗari biyu ta koma ja-ja, ɗari biyar kore, dubu shuɗiya. Dattawa suka tuna Afrilun 1984, lokacin da Buhari yana mulkin soja aka sauya launin kuɗi, aka rufe iyakoki, aka ba mutane ƙasa da mako biyu su canza.

Wa'adin farko 31 ga Janairu 2023 ne, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Aka janye tsofaffi, sababbi ba su wadatu ba, kuɗin da ke hannun jama'a ya faɗo ƙasa da tiriliyan ɗaya. A birni wahala ce ta layin banki. A karkara abin ya fi haka, domin lissafin da ya ɗauki duk kuɗin da ke wajen banki a matsayin ɓoyayye bai san yadda ƙauye ke rayuwa ba. Kuɗin da ke wajen banki shi ne jarin mai ƙosai, shi ne adashin matan gida, shi ne abin da manomi ya samu da ya sayar da wake yana jiran lokacin sayen taki. Akwai garuruwa da yawa da babu reshen banki ko ɗaya, sabis ɗin waya kuma yana zuwa yana ɗaukewa. Mai akuya ya kai ta kasuwa, mai saye ya ce sai dai taransifa, shi kuwa ba shi da asusu. Wanda ke da tsaba a hannu ya riƙa sayen hatsi da dabba a farashin da ya ga dama. Masu POS suka riƙa cire ɗari ko ɗari biyu a kowace dubu, wani wurin ma fiye. Shirin musaya da Babban Banki ya fito da shi don karkara a ƙarshen Janairu bai wuce naira dubu goma ga mutum ɗaya ba.

Jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, wasu jihohi har da Kano suka bi sahu. Ranar 16 ga Fabrairu Buhari ya yi jawabi ya ce tsohuwar ɗari biyu kaɗai ta dawo ta ci gaba da aiki har 10 ga Afrilu. Zaɓin da ya yi ya nuna gwamnati ta san wace takarda ce ke riƙe da cefanen talaka. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba a ba jama'a isasshiyar sanarwa ba, ta ce tsofaffin uku su ci gaba da aiki har ƙarshen 2023. Ranar 29 ga Nuwamba 2023 ta cire wa'adin gaba ɗaya. Saboda haka tsohuwa da sabuwa duka kuɗi ne, kuma duk jita-jitar da kan taso cewa daga wata kaza za a daina karɓar tsohuwa, in ba daga Babban Banki ta fito ba, kada a saki kuɗi da asara a kanta.

Dokar Babban Banki ta 2007 ta yi magana a kan yadda ake riƙe takardar. Ƙin karɓar naira laifi ne. Yaga ta, rubutu a kanta, taka ta, sayar da sababbin takardu da riba, da liƙi a wajen biki, duk laifi ne da hukuncinsa ke farawa daga ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000, ko duka biyun. Buga jabu kuwa ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba ne. Maganar liƙi tana yi wa mutane nauyi, don makaɗi da maroƙi da amarya duk da shi aka saba karrama su, amma an fara gurfanar da mutane a kai, kuma miƙawa a hannu ko zubawa a faranti ba ya rage alheri. Takardar da ta yage ko gara ta taɓa, doka ba ta tilasta wa banki biyan ta ba, sai dai Babban Banki ya buɗe ƙofar canza ta ta hannun bankuna idan akasarin jikinta da lambarta suna nan. Mai ajiya a gwangwani ko cikin rumbu ya riƙa dubawa, musamman da damina.

Akwai kuma wani sashe na wannan doka da mutane da yawa ba su sani ba a Janairun 2023, lokacin da wasu suka riƙa rabuwa da tsofaffin kuɗinsu a kan kayan da ba sa buƙata don tsoron kada su zama takardar banza. Sashe na 20 ya ba Babban Banki ikon janye kowace takarda da umarnin shugaban ƙasa, bayan ya ba da sanarwa mai ma'ana. Idan wa'adi ya cika, ɗan kasuwa na da damar ƙin karɓa. Amma sashen ya ci gaba da cewa wajibi ne Babban Banki ya fanshi takardar a kan cikakkiyar darajarta idan mai ita ya kawo, kuma bankin yana da reshe a Kano.